Layi Biyu a Cikin Hula Ɗaya

Tun da na dawo daga Ghana ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Ƙofar Wambai a nan Bauchi ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Injiniya, yaya Accra?" Kafin in haɗiye wani ya ce, "Da gaske ne ba a ɗauke musu wuta?" Waɗanda suka riga suka ji ƙishin-ƙishin kuwa ba sa tambayar komai, kaina kawai suke kallo suna murmushi. To, na gaji. Ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya je ya karanta a gida.

Sai na fara da aikina, don yawancinku har yau kuna zaton gyaran waya nake yi. Kamfaninmu ƙarami ne, mu bakwai ne har da mai gadi. Mu muke riƙe wa wasu ɗakunan gwajin jini da ƙananan asibitoci na cikin gari bayanansu. A ɗebi jininka, inji ya auna, sakamako ya hau na'urarmu, likita ya buɗe kwamfutarsa ya gani. In na'urarmu ta faɗi, ga jini, ga inji, ga likita, amma babu sakamako. Alhaji Bala, mai kamfanin, yakan gaya wa abokan ciniki cewa bayanansu suna cikin gajimare, har da ɗaga yatsa sama. Gajimaren nan dai wata babbar na'ura ce a ɗakin bayan ofishinmu, da 'yar'uwarta ta ko-ta-kwana a ɗakin ajiyar gidan Alhaji da ke Inkil. Akwai manhajar da ke lura da su duka biyun. An gina ta ne yadda in ta ofis ta mutu, ta Inkil za ta karɓi aiki da kanta.

Wannan "da kanta" ɗin ne ban so ba. Shekara uku da suka wuce abin ya taɓa faruwa: ta ofis ta ɗauke, cikin minti biyu aiki ya koma Inkil, ba wanda ya sani, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ce mini sannu. Na zauna na yi lissafin rayuwata. In na'ura za ta riƙa ceton kanta, ranar da Alhaji ya farga, ina amfanin Injiniya Nasiru? Sai na shiga na kashe wannan sashe da hannuna, na ce wa Alhaji yana da haɗari. Daga ranar, kafin aiki ya koma Inkil sai mutum ya shiga da kalmar sirri, a turo masa lamba ta waya, sannan ya danna. Kalmar tana cikin kaina, lambar kuma wayata take zuwa. Kujerata nake tsaro, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ina da mataimakiya, Rifkatu, 'yar Bogoro. Shekara uku tana zaune a bayana da wani littafi mai baƙin bango, duk abin da na taɓa sai ta rubuta. Lokaci-lokaci takan ce, "Oga, ko za ka sa lambana ma a ciki, saboda wata rana?" Ni kuma in gyara zama in ce mata ba ta kai ba tukuna.

Ana nan sai masu manhajar suka shirya bita ta kwana huɗu a Accra, kan yadda ake hana aiki tsayawa ko da na'ura ta mutu. Alhaji ya ce ni zan je, tunda ni ne gwani. Da na yi maganar jirgi sai ya ce jirgi ba ya barin mutum ya ga ƙasa, in bi mota in ƙaru da ilimi. Shi dai ko Abuja ba ya zuwa a mota, ga alama ya riga ya gama ƙaruwa.

Ana gobe zan tafi Rifkatu ta sake maganar lambar. Na ɗaga mata wayata na ce, "Kin ga wannan? Layi biyu ne a ciki, na kamfani biyu daban-daban. In ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Abin da za a koya mana a can ma ke nan, ni na riga na iya, zuwa kawai zan yi in karɓo takarda." Ta ce, "To Oga, Allah ya kiyaye hanya," ta buɗe littafinta ta rubuta wani abu. Ban san me ta rubuta ba, ban kuma so in sani ba.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba muka bar tasha. Mun wuce Miri lafiya, mun wuce Zaranda, ba mu kai Nabordo ba taya ta yi bindiga. Direba ya gangara gefen titi ya ce, "Kar kowa ya damu, akwai safaya." Safayar tana can ƙarƙashin buhunan masara, da keken ɗinki, da katifar wata amarya. Muka yi rabin awa muna sauke kaya. Da aka zaro ta, ashe ta fi wadda ta fashe laushi.

Na ce, "Direba, yaushe rabonka da duba tayar nan?"

Ya ce, "Haba Alhaji, tayan da ba a aiki da shi, me zai same shi?"

Nan fa na samu fili. Na tsaya a bakin titi na yi masa lacca mai kyau, na ce abin ko-ta-kwana da ba a gwada shi ba, ba ko-ta-kwana ba ne, kaya ne kawai ake ɗauka. Na ce sakacin mutum ɗaya shi ke tsayar da mutum goma sha huɗu. Fasinjoji suna ta "Wallahi gaskiya ne," wata tsohuwa har ta sa mini albarka. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Awa biyu muka yi kafin direba ya dawo daga wurin mai faci a bayan babur.

Hanyar Legas ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, duk wanda ya bi ta ya san ƙugunsa ne ke ba da labari. Na huta kwana ɗaya a Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da agogo, ranar Lahadi da sassafe na shiga motar Accra. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Kano mai fataucin atamfa, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ita ta nuna mini inda zan riƙe fasfo da katin rigakafi, ita kuma ta ba ni shawarar da ta jawo komai. Muna dab da iyakar Seme ta ga ina latsa waya, ta ce, "Malam, cire layukan nan naka. In ka tsallaka da su a ciki, kafin mu kai Kwatano sun cinye maka kati tas, ko kira ba ka yi ba."

Ni da ake kira Injiniya ban tsaya tambayar ko gaskiya ba ne. Na ji an ce za a cinye mini kati, hankalina ya tashi. Na zare layukan duka biyun, na naɗe su cikin 'yar takarda, na cusa a ninkin cikin hulata, inda na saba ajiye abin da ba na so ya ɓata. Hular kuwa zanna ce mai aikin hannu, ruwan ƙasa da fari, wadda na saya musamman don mutanen Ghana su san an zo. Na ce a raina ai masauki da wurin bita duk akwai intanet, duk mai nemana zai same ni ta can.

Iyaka uku ake tsallakawa a wuni ɗaya. Ko'ina sai a sauka, a taka da ƙafa, a bi layi, a buga hatimin fita, a ɗan taka kaɗan, a buga na shiga. A Benin na ga 'yan achaba kamar fari, kowa da riga ruwan ɗorawa, ga burodi dogo mai tauri wanda in ka rasa sanda zai yi maka. Togo kuwa ban gan ta sosai ba. Na ɗan sunkuya neman takalmina da ya shige ƙarƙashin kujera, ina ɗagowa Hajiya ta ce in shirya fasfo, ƙasar ta kusa ƙarewa. A Aflao, bakin Ghana, jami'in da ke duba takardu ya tambayi sana'ata. Na gyara murya na gaya masa da Turanci cewa ni injiniyan gajimare ne. Ya leƙa sama ta taga, ya ga hadari ya haɗo, ya ce in taimaka in riƙe masa ruwan nan sai ya tashi daga aiki. Ya buga hatimi yana dariya, ni kuma na wuce ina jin haushi.

Masaukina a Nima yake, unguwar zango, inda in ka rufe ido za ka ce kana Wunti. Hausa ko'ina, sai dai irin tasu. Mu Bauchi ana mana dariya wai muna cewa "motan" da "rigan", to can mace ma "ya zo" ne, ba ruwansu. Mai gidan baƙin wani dattijo ne, Baba Tanko, wanda ya ce kakansa daga ƙasar Bauchi ya zo fataucin goro bai koma ba. Da ya ji daga inda nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce ɗansa ya zo. Ya ba ni ɗaki mai fanka, ya rubuta mini lambar intanet ɗin gidan a bayan kwalin ashana.

Abinci kuwa sai a hankali. Da safe akwai koko da ƙosai, kuma koko ɗin da sunanmu suke kiransa, wai Hausa koko, amma sun zuba masa citta da barkono kamar suna fushi da shi. Akwai wani abu da suke ji da shi, suna ce masa wace. Aka yi ta zuga mini shi, da aka kawo na ga shinkafa da wake ce, aka tara mata taliya, da garin rogo, da ƙwai, da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi, duk a ganye ɗaya. Na ce wannan ai abincin gida uku ne aka haɗa. Na ci, ya yi daɗi, amma ban gaya musu ba. Dokunu kuwa, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, na kai loma ɗaya na tambayi mai sayarwa ko na jiya ne. Ta ce haka ake son sa. Ranar na yi kewar masar Bauchi har cikin raina.

Litinin aka fara bita. Mu kusan ashirin ne daga ƙasashe daban-daban, malamarmu wata 'yar Ghana ce, Madam Adjoa, gajera, ba ta dariya sai in wani ya yi kuskure. Abin da ta fara sa mu shi ne kowa ya zana tsarin wurin aikinsa a takarda, ya nuna abin da in ya mutu komai ya mutu. Na zana nawa da alfahari: na'ura biyu a unguwa biyu, wutar gwamnati da janareta da sola, hanyar intanet biyu. Ta tsaya a kaina ta duba, ta ce ya yi kyau. Sannan ta ce, "In ta farko ta mutu, wa ke mayar da aiki kan ta biyu?"

Na ce, "Ni."

"In ba ka nan fa?"

"Ina nan kullum."

"Yanzu kana ina?"

Ta ƙara da cewa, "To in mota ta buge ka fa?" Na ce a'uzubillahi. A garinmu ba a yi wa mutum irin wannan fata da sassafe, ko maƙiyinka ne sai ka bari ya karya kumallo. Ita ko a jikinta. Ta zaro jan biro ta rubuta sunana a tsakiyar takardar, ta zagaye shi, ta ɗaga wa aji su gani.

Na koyi abubuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Ashe na'urorin nan gaisuwa suke yi wa juna ba dare ba rana, kowace daƙiƙa: ina nan, kina nan? Ina nan, kina nan? Sun fi mutanen unguwarmu yawan gaisuwa. In ɗaya ta yi shiru, sai a ɗauka ta mutu, ɗayar ta karɓi aiki. Wannan karɓar ita suke kira feloba. Amma ta ce na'ura biyu ba su isa ba, don wani lokaci ba mutuwa aka yi ba, waya ce ta tsinke a tsakani. Sai kowacce ta ɗauka 'yar'uwarta ta rasu, kowacce ta naɗa kanta shugaba, su yi ta rubuta bayanai masu karo da juna. Dole a samu ta uku da za ta zama shaida, duk wadda shaida ta goyi baya ita ce da aiki. Na ce ashe su ma sai da shaidu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ranar Talata ya faru. Ta kai mu ɗakin na'urorinsu mai sanyi kamar cikin firij, ta nuna wata da ke tsakar aiki, ta duba agogo, ta sa hannu ta fizge wayar wutarta. Da gangan! Ni sai da na dafe ƙirji. Kafin in gama salati aiki ya koma kan wata, allo bai ko ƙifta ba. Ta ce duk wata suke yin haka, da rana tsaka, don su tabbatar. Mu a gida abin da ke aiki ba a taɓa shi. Lulluɓe shi ake yi da ƙyalle, a hana yara zuwa kusa, a ce in sha Allahu ba abin da zai faru.

Da yammacin ranar, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida da Baba Tanko, ya ce in gaya masa abin da ya taso ni tun daga Bauchi. Na yi ta kewaye-kewaye da manyan kalmomi, yana saurare yana ɓare goro. Da na gama sai ya ce, "To ai na'ibi ne wannan."

Na ce, "Na'ibi kamar yaya, Baba?"

Ya ce, "Liman yana salla, alwala ya karye. Yana tsayar da jama'a ne ya ce ku jira ni in je in dawo? A'a. Hannu yake miƙawa baya ya jawo na'ibi, salla ya ci gaba daga inda aka tsaya. Na sahun baya ma wani bai san an canza ba sai ya ji murya. Amma fa sai na'ibin yana sahun gaba, da alwalansa, ya san raka'a na nawa ake. Wannan ne kuka zo koya har kwana huɗu?"

Na yi dariya na ce wallahi ya fi Madam iya bayani. Sai ya dube ni ya ce, "Kai wane ne na'ibinka a can?"

Na fara kame-kame, na ce akwai wata yarinya tana koyo, amma ba ta kai ba. Ya ce shekara nawa take koyo, na ce uku. Ya jefa goro a baki ya tauna. Can sai ya ce, "Kai, wannan hula naka ya yi kyau. Irin na kakana ke nan."

Kun san al'ada. Dattijo ya yaba abin da ke jikinka, ga shi ya karɓe ka kamar ɗa, ga shi kuma kana neman hanyar da za a bar wata magana. Na cire hular da hannu biyu na ɗora masa a ka, na ce, "Baba, ta zama taka." Ya ƙi, na rantse, ya karɓa, ya yi ta sa mini albarka har maƙwabta suka fito kallo. Na shiga ɗaki ina jin kaina kamar wani attajiri, na ɗauko tsohuwar hulata daga jaka.

Laraba da safe, ƙarfe takwas na can, wato tara na Bauchi, ina shiga wurin bita wayata ta kama intanet, sai ga kiran Rifkatu. Ina ɗauka na ji ƙarar ruwan sama a bayanta.

"Oga, na'uran ofis ya mutu. An yi tsawa, wuta ya dawo da ƙarfi, har ƙauri yake yi. Asibitoci suna ta kira, Alhaji yana nan tsaye a kaina."

Abin kunya, farkon abin da na ji daɗi ne. Na ce yau za a san amfanina, daga wata ƙasa zan tayar da aiki. Na ce, "Kwantar da hankalinki. Buɗe shafin, zan gaya miki kalmar sirri." Sai a lokacin na tuna mece ce kalmar. Na rage murya, ta ce ba ta ji saboda ruwa, ta sa ni a lasifika. Haka na tsaya a barandar mutane na ɗaga murya na ce, "Babu kamar Nasiru. A haɗe. Kowace kalma da babban baƙi." Na ji Alhaji ya yi gyaran murya.

Ta ce, "Ya shiga. Yanzu ya ce ya tura lamba zuwa wayanka."

Na kai hannu kaina. Na taɓa tsohuwar hula. Nan take na tuna inda layukan suke.

Ban yi wa Madam sallama ba, na fita da gudu. Ina barin ginin intanet ya yanke, na zama ba a iya samuna ta kowace hanya. Na isa Nima, aka ce Baba Tanko ya tafi bikin suna a garin Ashaiman tun da safe, ya sha babbar riga da sabuwar hularsa. Wayarsa kuma ga ta can a ɗaki tana caji. Na shiga motar haya da suke kira tiro-tiro, wadda ba ta tashi sai ta cika, in ta tashi kuma duk wanda ya ɗaga hannu ɗan'uwan direba ne. Ga cunkoso. Ina zaune tsakanin wata mai kwandon kifi da wani mai wa'azi, ina ta salati ina duba agogo. A nan ne daɗin da na ji ya gudu, na fara tuna cewa mutane ne ke jiran sakamakon nan, wasu ba a ba su magani sai an gani, wasu ba a shiga da su tiyata sai an gani.

Ashaiman gari ne guda, kuma ranar suna uku ake yi a zangonsu. Na shiga biyu ba nasa ba, a kowanne sai da aka zaunar da ni aka ba ni goro. A na uku na hango hulata a tsakiyar manyan mutane a kan tabarma. Yanzu ku gaya mini, da wane baki mutum zai je gaban jama'a ya ce wa dattijo ya cire kyautar da ya ba shi jiya? Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don ba a tsallake gaisuwa ko gobara ake yi, sannan na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, aron hular nan zan yi na minti ɗaya." Kunnen Baba ya ɗan yi nauyi. Ya ce, "Ka fasa ba ni ne?" da ƙarfi, kowa ya juyo.

Na yi bayani gumi yana zuba. Ya cire ta ya miƙo mini, na laluba ninkin, ga 'yar takardar nan ta jiƙe da zufa, layukan suna ciki lafiya lau. Na mayar masa da hularsa, na sa layukan a waya. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar an ɓalle famfo: lambobin sirri da suka riga suka mutu, da na Alhaji waɗanda ba zan maimaita su a nan ba. Na ƙarshe na Rifkatu ne: "Oga ka bari. Na je Inkil na tayar da shi. Aiki ya dawo ƙarfe biyu."

Daga baya na ji yadda ta yi. Da ta ga shiru, ta jira ni awa biyu, don ba ta taɓa yin abu ba da izinina ba. Sannan ta ɗauki littafinta ta tari keke Napep cikin ruwa zuwa Inkil, ta sa aka buɗe mata ɗakin ajiya, ta jona allo da madannai a jikin na'urar kai tsaye, inda ba a neman lambar waya. Sau ɗaya ta taɓa ganin na yi haka, shekara biyu da suka wuce, ta rubuta. Ta bi layi-layi, ta yi kuskure sau biyu ta gyara. Baba Tanko da na karanta masa saƙon ya gyara zaman hularsa ya ce, "Wannan ne yarinyan da bai kai ba?"

Ranar Alhamis aka ba ni takardar shaida mai zanen zinariya, wai na ƙware wajen hana aiki tsayawa. Madam ta miƙo mini ita, karo na farko na ga ta yi mini murmushi, kun kuwa san lokacin da take dariya. Na biyo hanya na dawo, iyaka uku, hatimi shida, ban yi wa kowane direba lacca ba.

A ofis Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya tambayi Rifkatu dalilin da ya sa na'urar ba ta karɓi aiki da kanta ba kamar yadda masu ita suka ce tana yi, ta ce masa sai Oga ya dawo. Ta sani sarai, yana cikin littafinta, amma ta bar mini in faɗa da bakina. Na faɗa. Ya ce ba zai kore ni ba, amma daga yau duk abin da ke kaina a sauke shi a takarda, lamba ta riƙa zuwa waya uku, a kunna abin da na kashe, a nemo na'ura ta uku. Gwajin wata-wata kuma Rifkatu ce za ta riƙa fizge wayar, ni in riƙe agogo. Na ce to. Na fita ina ganin na tsira da sauƙi.

Da yamma na je gaida Inna, mahaifiyata, na kai mata tsarabar atamfa. Ta karɓa ta ajiye gefe ba ta buɗe ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi abinci, sannan ta ce, "Ran Laraban nan na je awon suga."

Na ce, "Wace Laraba, Inna?"

"Wadda aka yi ruwa. An ce kar in ci komai in zo, ban ci ba. Suka ɗebi jinin da wuri, suka ce in ɗan jira likita ya gani ya canza mini magani. Ban tashi ba don kar a kira ni ba na nan. Har azahar muna zaune, jiri yana ɗibata. Akwai wata da yaronta a kafaɗa, jikinsa kamar wuta, ita ma an ce sai sakamako ya fito."

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ma'aikatan suka ce ba laifinsu ba ne, wai mai kwamfutar ne ya kulle abin ya tafi yawo da makullin. Mutane suka yi ta Allah ya isa. Da na ji sun ambaci kamfaninku sai na ja mayafi na rufe fuska. Wata mata kusa da ni ta ce, 'Mama, an ce ɗan Ƙofar Wambai ne, ke da kike can, kin san shi?'"

Na ce, "Me kika ce mata, Inna?"

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na ce ban san shi ba."